Likkafanin Maigidana

Ban iya rubutu ba, wata ce ke rubuta min, kuma na ce mata idan kuka ya zo min ta jira ni.

Maigidana ɗan dako ne. Daga bakin jiragen ruwa yake ɗaukar buhun sukari ya hau tudu da shi zuwa cikin gari, shi da 'yan ƙungiyarsu suna waƙa. Bazazzagi ne, ni kuwa daga ƙasar Katsina aka kamo ni ina yarinya. A nan Bahiya, garin Turawa a ƙetaren teku, muka haɗu. Ina suyar ƙosai a gindin hawan, ya ji na zagi wani kare da Hausa, sai ya tsaya da kaya a kansa.

"Ke, maimaita," ya ce. "Na daɗe ban ji zagi mai daɗi ba."

Da ya fanshi kansa, abin da ya fara saya farin yadi ne. Na ɗauka riga zai ɗinka. Ya ce likkafani ne.

"Malam, ko tabarmar kirki ba mu da ita."

"Tabarma ta kwana nawa ce?"

Akwai wani fili a bayan gari inda ake zuba gawar bayi da matalauta a rami ɗaya, a yafa musu ƙasa kaɗan. Wannan ramin shi ne tsoronsa. Yakan ce tsirara aka sauke shi daga jirgi, ba zai yarda ya je wa Ubangiji haka ba. Ya koya min wankan gawa, dama kafin hagu, da yadda za a juya fuskarsa gabas, don kada ranar ta zo babu namiji kusa. Lokaci lokaci yakan fito da yadin ya shanya saboda asu.

Sai aka yi wani bore a ƙarshen azumi, Musulmi suka fita da takubba cikin fararen riguna. Shi bai fita ba, gwiwarsa ta kumbura, ko ƙofa ba ya iya kaiwa. Bayan an murƙushe su, 'yan sanda suka bi gida gida suna neman farin tufa. Suka buɗe akwatinmu. Na gaya musu da harshensu cewa yadin na mutuwa ne. Babbansu ya ce ya sani, waɗanda suka fita ma mutuwa suka shirya. Suka tafi da maigidana, suka tafi da yadin.

Bulala aka yanke masa, ana yi ana hutawa ana sake yi. Bai kai ƙarshenta ba. Kafin labari ya iso ni an riga an kai shi ramin. Ba wanka, ba salla, ban san inda fuskarsa ke kallo ba.

Na yi shekaru ina ganinsa a raina tsaye gaban Ubangiji da jini a bayansa, ba sutura, ana tambayar wa ya kawo wannan haka. Abokansa an kori wasu a jirgi, sauran sun ɓuya. Ɗaya da na tare a kasuwa don ya yi masa addu'a, tsallaka titi ya yi. Ni tun saukata daga jirgi aka sa min gishiri a harshe aka zuba min ruwan baftisma, ina zuwa coci kamar yadda kowa ke zuwa. Na je wurin fada, limamin cocin. Ya tambaye ni me mijina yake bi, na faɗa, ya girgiza kai.

Wata tsohuwa Bayarbiya mai wanke tufafin coci ita ta ga fitowata. Iya nake ce mata. Washegari ta zo ta zauna tana taya ni surfen wake, ta ba ni labarin ɓarawon da aka gicciye kusa da Almasihu. Ta ce bai yi komai ba sai roƙon a tuna da shi, kuma aka karɓe shi a ranar.

"Wa ya yi masa wanka?" ta ce. "Wa ya naɗe shi? Ɓarawo fa, 'yata. Rami irin namu aka jefa shi."

"Iya, mijina ba wannan sunan yake kira ba."

"Abin da ke tsakaninsu ban sani ba, kuma ba zan yi miki ƙarya ba. Abin da na sani, ceto ba saye ake yi ba. Ni da ke an taɓa taya mu a kasuwa, an duba haƙoranmu. Almasihu ba ya duba haƙori. Alheri ne, na Bature, na Bayarbe, na Bahaushe, kowa aka miƙa wa."

Na yi kuka har waken ya bushe a hannuna. Na karɓi alherin, kuma har yau ina riƙe da shi. Sai dai karɓar ba ta rage min zafi ba. Ni da ba a taɓa sa wa bulala ba an ba ni a sauƙaƙe, shi da ya yi tanadi tun yana da ƙarfi ban san inda yake ba. Kullum da safe roƙona ɗaya ne: tunda kyauta ce, a ba shi.

Iya ta rasu, an binne ta a cikin coci. Matan ƙungiyarsu masu kai juna kabari sun zo kwanan baya, suka ce sun ware min wuri kusa da ita, da kyandir da masu rakiya. Na yi musu godiya, na ce ramin bayan gari za a kai ni.

"Uwa, can karnuka ke tono," in ji babbarsu.

Na ce na sani. Idan alherin na kowa ne, zai same ni a can, kuma in ya zo nemana ba zai tarar da ni ni kaɗai ba.

Sun ce za su dawo in na huce.