Lanƙwasar da ta ɓace a allon Kawu

A lokacin ban daɗe da gama karatu ba, ina zaune gidanmu a Tarauni da 'yar kwamfutata, ina yi wa mutane zanen tambari da katin biki. Ina ji da kaina sosai, don duk layinmu babu macen da ke wannan sana'a. Sai kawuna, wanda ya yi ritaya daga aikin asibiti, ya buɗe wurin gashin ƙashi a unguwar Daurawa. Ya kira ni ya ce ba zai kai aikin allonsa waje ba alhali ga 'yarsa a gida. Wallahi ranar kamar in yi tsalle.

Na zage na yi zanen, na ajiye shi a fayil ɗin SVG, irin wanda ko an buɗa shi ya kai girman bango ba ya dusashewa. Abin da ban kula da shi ba, irin wannan fayil ba hoton rubutu yake ɗauka ba, sunan salon rubutun kawai yake riƙewa, sai kwamfutar da aka buɗe shi a ciki ta nemo nata. Na kai wa wani mai buga alluna a Gyaɗi-Gyaɗi, na roƙe shi ya kira ni in gani kafin ya buga. Ya dube ni sheƙeƙe, ya ce tun ban san haruffa ba yake wannan aiki.

Bai kira ni ba. Ashe da ya buɗe fayil ɗin, kwamfutarsa ba ta da salon rubutun da na yi amfani da shi, sai harafin ƙ ya fito masa a matsayin ɗan akwati. Maimakon ya tambaya, ya goge akwatin ya danna k ɗinsa na kullum. Haka aka kafa allo a bakin titi, da manyan baƙaƙe, yana tallan gashin kashi. Kafin la'asar hoton ya zaga wayoyin mutane, masu adaidaita sahu suna rage gudu suna ƙyaƙyata dariya, wani har yana tambayar ko da yaji ake sayarwa.

Da muka je shagon ni da Kawu, mutumin ya rantse cewa abin da na kawo shi ya buga. Na buɗe kwamfutata na nuna wa Kawu lanƙwasar ƙ ɗin tana nan daram, amma ko kallo bai yi ba. Ya ce in rufa masa baki, ba zai ƙaryata magidanci saboda yarinya ba, kuma shi ya jawo wa kansa da ya ɗauki wasan yara ya mai da shi aiki. Dariyar gari ba ta ƙona min rai kamar wannan magana ba, kuma har yau ban huce ba.

Masu wannan sana'a, musamman 'yan uwana mata, kada fayil ya bar hannunku sai kun mayar da kowane rubutu zane, yadda babu kwamfutar da za ta taɓa harafi. Ku tsaya a kan injin da ƙafarku, ko za a ce kun cika naci. Na gane cewa idan aiki ya lalace, ba a neman wanda ya ɓata, wanda ya fi sauƙin tsawatarwa ake nema. Bara Kawu ya aurar da autarsa, katin gayyatar ya iso gidanmu, a ƙasansa ga tambarin shagon mutumin nan.