Ledojin Baba Tsintau

Ranar Talatar da ta wuce kamfanin inshora ya amince zai biya diyyar wata tasi da tirela ta murƙushe wata biyar da suka gabata. Washegari aka miƙa wa mutumin da ya sa hakan ta yiwu takardar sallama daga aiki. Shi ne mai gadin filin da ake jibge motocin da suka yi hatsari. Shekararsa ashirin da shida a bakin ƙofar nan. Direbobin janwe, masu jawo matattun motoci, suna kiransa Baba Tsintau.

Aikin da aka ɗauke shi ya yi bai wuce buɗe ƙofa da rufewa ba. Sauran shi ya ɗora wa kansa. Duk motar da janwe ya sauke, kafin masu kwance kaya su yanyame ta, sai ya zura hannu wuri huɗu: bayan marfin tare rana, aljihun ƙofa, ƙarƙashin kujerar direba, da ramin tayar safaya. Takardar da ya samu, idan ta jiƙe da ruwa ko baƙin mai ko jini, sai ya shimfiɗa ta tsakanin kwali biyu, ya danne da tsohon batir har ta bushe. Sannan ya sa ta a leda, ya rubuta lambar motar a jiki, ya rataye a ƙusa cikin ɗakin gadinsa. Bai iya karatu ba. Lambobin ma zana su yake yi yadda idonsa ya gan su.

Na tambaye shi dalilin da yake ajiye har da rasidin shan mai da katin asibiti. Ya ce, "Ɗana, ni ban san wadda za ta ceci mutum ba. Shi ya sa duka nake ajiyewa."

Direban tasin nan ya yi mako shida a gadon asibiti bai san inda kansa yake ba, kuma har yau bai fara taka ƙafa ba. Matarsa, mai ɗinki ce da 'ya'ya huɗu, ita ta shiga neman haƙƙinsa, domin motar ce ke riƙe da gidan. Ƙa'idar kamfanin ita ce a haɗa takardu cikin kwana casa'in. In an wuce, magana ta mutu.

A kamfanin an ce ta kawo takardar inshora ta asali. Ta ce tana cikin motar. Aka ce to ta kawo rahoton hatsari sai a ba ta kwafi. A ofishin da ke ba da rahoton aka ce ba sa rubuta komai sai sun ga takardar inshora. Ta koma kamfanin, aka danna kwamfuta, aka ce lambar ba ta fito ba, wai wakilin da ya yanka wa mijinta takardar ya bar aiki. Wannan kamfanin, shekara tara bai taɓa ɓatar da lambar wayar direban ba idan lokacin sabunta inshora ya yi.

Sau biyu tana zuwa filin motocin. Sau biyun akawun filin yana nuna mata fom ɗin da ya cike da hannunsa, inda ya rubuta cewa babu komai a cikin motar. Ya ma raka ta ta leƙa akwatin gaban motar, ta ga wayam. Daga teburinsa zuwa ɗakin gadi taku ashirin ne, na ƙirga. Ya san da ledojin, don shi ne mai yi musu ba'a. Bai ce mata ta tambayi mai gadi ba, shi kuwa Baba duk zuwan biyu yana can ƙarshen fili yana nuna wa janwe wurin sauke kaya.

Zuwanta na uku ya faɗo a kwana na tamanin da uku. Ba ta ma shiga ofis ba, ta tsugunna a inuwar katanga. Baba ya tura mata bencinsa, ya ce, "'Yata, wace mota ce taki?" Ta nuna masa hoton motar a waya. Ya daɗe yana kallon lambar, ya shiga ɗaki, ya fito da leda. Tun ranar da aka kawo motar ya ciro takardar daga ramin safaya, a nannaɗe cikin tsohuwar safa. Ya ce haka tsofaffin direbobi suke yi: kwafi a gaba saboda masu tsayar da mota a hanya, ta asali a ɓoye inda hannu ba ya saurin kaiwa.

Ta ce, "Baba, kusan wata uku ina yawo, ashe tana nan rataye a ƙusa."

Ya ce, "Ita ƙusa ba ta cewa a dawo gobe, 'yata."

Da wannan takarda matar ta samu rahoton hatsari cikin kwana biyu. Amma kamfanin bai gama ba. Jami'in da ke karɓar takardu ya ce baƙin mai ya ci gefen hatimi, don haka sai wanda ya tsinci takardar ya zo ya yi rantsuwa a rubuce. Baba ya je ranar hutunsa, ya zauna awa huɗu a kan benci. Da aka kira shi, jami'in ya tambaye shi da wane matsayi yake riƙe takardun mutane.

Ya ce, "Da matsayin wanda ya sunkuya ya ɗauka, ranka ya daɗe."

Ya dangwala yatsa. Saura kwana biyu wa'adi ya cika.

Rantsuwar nan ita ta ci aikinsa. Ta nuna cewa fom ɗin filin ƙarya ne, ba wanda ya duba motar kafin a rubuta babu komai. Manajan filin bai kira akawu ba. An bar jaki ana dukan taiki. Takardar sallamar, wadda aka karanta wa Baba tunda shi ba zai iya ba, ta kawo dalili biyu: tsufa, da tara shara a wurin aiki.

Shara. Wani direban janwe ya lissafa mini abin da ya gani da idonsa ya fito daga sharar nan: takardar shaidar karatun wata malama, lasisin direbobi ya fi a ƙirga, da takardar gidan wasu marayu da mahaifinsu ya rasu a kan hanya. Ya ce bai taɓa ganin Baba ya karɓi ko na goro ba. Na nemi jin ta bakin manajan, aka ce yana taro. Kamfanin inshorar kuma ya ce ya yi farin cikin biyan buƙatar abokin hulɗarsa.

Baba, kai ne ka yi aikin ofis uku ba tare da tebur ko hatimi ba. Masu kwamfuta sun ɓatar da mutum, kai da ba ka san baƙi ba ka nemo shi. Tsintau mai ido a ƙasa, ba ka taɓa tambayar wanda ya zo wurinka ko wa ya aiko shi ba. Mun gode. Allah ya saka maka, ya ba ka lafiyar gwiwoyin da suka ƙare a sunkuyo.

Masu zama a bayan taga kuwa, ba a ce ku yi abin da ya fi ƙarfinku ba. Idan mutum ya zo ba shi da takarda, ku gaya masa ƙofar da zai ƙwanƙwasa, ko da taku ashirin ne daga kujerarku.

Jiya na ƙirga ledojin da suka rage a ɗakin gadi: ɗari uku da goma sha bakwai, kowace da lambar motarta. Manaja ya ba da umarni a kwashe ɗakin kafin Litinin. Baba ɗaki ɗaya yake haya da iyalinsa. Mai ɗinkin ta buga ƙusoshi a bangon shagonta, ta ce zai ɗauki kamar sittin. Sauran, har zuwa lokacin rubuta wannan, ba wanda ya faɗi inda za a kai su.