Mazarƙwailar da Ɗan'azumi Ya Kai Lome

Ɗan'azumi na Gazara taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, saboda haka tun muna yara ba na raga masa, shi ma ba ya raga mini. Ni na yi boko na zama malamin firamare a Ikara, shi ya tsaya a fadama. Gajere ne kakkaura, ga taurin kai kamar jaki ya ga gada. Amma in ana zancen mazarƙwaila, daga Makarfi har Kudan ba mai ja da shi. Da rani ya kama sai ya kafa injin matse rake a bakin fadama, doki na zagayawa, ruwan raken na zuba, a dafa shi a babban kasko har ya yi kauri, a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Tasa ja ce jawur, ba ɗaci, ba ƙauri.

Bai taɓa yarda a kira shi gwani ba. Cewa yake gwanin ya tafi, yana nufin amininsa Abdulwahabu, wanda muke kira Wahabu. Tare suka fara sana'ar, Ɗan'azumi a kan doki da inji, Wahabu a bakin kasko. Dafa ruwan rake aikin ƙiftawar ido ne. Ka yi saurin saukewa ba zai daskare ba, ka yi jinkiri ya ƙone. Wahabu kuwa ko leƙa kaskon ba ya yi. Yana zaune yana hira, sai ka ga ya ɗaga hanci ya ce, "Sauke!" Bai taɓa kuskure ba. Shekarar da matarsa ta rasu garin ya fita masa a rai, ya bi fataken shanu ya yi kudu, aka shekara ashirin ba labarinsa.

Shekara biyu da samun mulkin kai wani ɗan fataucin goro na Kudan ya kawo wasiƙa da ajami. Wahabu yana Zangon Lome, idanunsa sun tafi, ƙafa ma ba ta kai shi nesa. Abu ɗaya ya roƙa: in da mai zuwa, a aiko masa da mazarƙwailar Gazara ko guda ɗaya ce, ya ɗanɗana kafin ta Allah ta kasance.

Washegari sai ga Ɗan'azumi a Ikara a kan keke.

"Ticha, yaushe za ku yi hutu?"

Na ce, "Watan Agusta."

"To ka shirya. Kai ne bakina, tunda ka iya yaren Nasara."

"Kai da ba ka taɓa wuce Zariya ba? Ka ba mai goro ya kai masa mana."

Ya dube ni kamar na zage shi. "Wahabu ne fa. Shi zan yi wa aike?"

Tsakiyar damina ce, ba a matsar rake, amma yana da ajiya ta rani a cikin tukunyar da ya liƙe bakinta da laka, a ɗakin girkin matarsa Talatu inda hayaƙi ke bugunta. Ya gama noman ƙarshe, ya fasa tukunyar, ya zaɓo masu kyau, ya jera su a kwando da busasshen ganyen rake, yadda ake kai ta kasuwar Kano. Muka shiga jirgin ƙasa a Zariya, kwandon yana kan cinyarsa har Ikko.

Jumare, wani tsohon maƙwabcinsa da ke gadi a tashar jiragen ruwa ta Apapa, shi ya sauke mu. Kwana huɗu yana zagayawa da mu. Ni ina kallon benaye da motoci, Ɗan'azumi kuwa da idon manomi yake kallon komai. Da ya ga ana loda buhunan gyaɗa a jirgi sai ya tsaya yana yi musu sallama, wai ƙila da ta Gazara a ciki. Da muka je bakin teku ya tsaya yana ta tasbihi. Sannan ya naɗe wando, ya kamfaci ruwan ya kai baki, ya tofar.

"Ikon Allah! Duk wannan ruwa, ko sandar rake ɗaya ba zai raya ba."

Ranar da muka dawo daga teku ya buɗe kwando don ya ba Jumare nasa rabo, sai ya tarar mazarƙwailar tana gumi, tana kama hannu. A wurinmu duk abin da ya yi laima maganinsa shanya ne, ko hatsi ko barkono ko tufa. Saboda haka ya samo tabarma, ya baje su a baranda su sha iska. Ni ma, da duk bokona, na taya shi jerawa. Mun dawo daga sallar la'asar muka tarar da Rahmatu, matar Jumare, tana salati tana korar ƙudaje.

"Haba Baba! Iskar garin nan ai ruwa ce. Gishiri ma kuka yake yi a kwano. Wa ya ce ku buɗe?"

Sun yi laushi kamar tuwon da ya kwana, gefensu yana ɗiga. Rahmatu ta ba mu wani babban gwangwanin biskit mai murfi, muka kwashe muka rufe. Na so in tsokane shi, amma da na ga fuskarsa sai na haɗiye.

A Kwatano, kan hanyarmu ta Lome, muka kwana biyu wurin Tanko, wani ɗan Likoro mai sayar da fata. Ya kai mu babbar kasuwa a bakin ruwa, muka ga masunta na jan koma suna waƙa, muka sha ruwan kwakwa, har Ɗan'azumi ya yarda cewa wannan itace dai ba laifi. Amma hankalinsa na kan gwangwani. Kowace safiya sai ya girgiza shi a kunne. A Ikko ƙwal-ƙwal yake yi. Ranar da za mu bar Kwatano sai muka ji yana motsi kamar kunu.

Tanko ya ce, "Ga sukarin kanti nan fari tas, a saya masa kwali biyu mana."

Ɗan'azumi ya ce, "Sukari ya roƙa?"

A cikin mota na ce masa, "Taubashi, ka kai masa haka nan. Zaƙin ai ɗaya ne, kuma ba ya gani."

Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci da ni irin na ranar ba. Ya ce, "Don ba ya gani zan miƙa masa ruwa in ce mazarƙwaila ce? Mutumin da ya koya mini?" Daga nan ya juya mini ƙeya har muka shiga Lome, mota na bin gefen teku, itatuwan kwakwa a jere.

Da hantsi muka isa Zango. Aka nuna mana gidan, da wani tsoho siriri a zaune kan buzu a ƙofar zaure, yana jan carbi. Na ɗaga ƙafa zan nufe shi, Ɗan'azumi ya riƙe mini riga. Ya ce ba zai yi sallama da hannu wofi ba.

Can gefe, kamar taku ashirin, wata dattijuwa mai suna Mero tana kwashe ƙosanta na ƙarshe. Ɗan'azumi ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambayi gida da kasuwa, sannan ya ce, "Inna, aron kaskonki nake so, da sauran wutar nan." Ta ɗauka taɓaɓɓe ne, amma ta ba shi. Ya tuɓe babbar riga ya miƙo mini, ya goge kaskon da toka, ya wanke har sau uku don kada man ƙosai ya ɓata masa aiki. Ya aro kwanoni, ya juye gwangwanin kaf a kasko, ya gyara wuta, ya kama juyawa da muciya.

Na san abin da ke tsoratar da shi. Abin da aka taɓa dafawa ba ya jure wuta ta biyu, kuma ba shi da wani in wannan ya ƙone. Gumi na zuba masa, yana ɗaga muciya yana duban yadda ruwan ke tsiyaya. Ƙamshi ya tashi ya cika layin, irin ƙamshin fadamar Gazara da rani. Mata suka fara leƙowa.

Ni tsohon nake kallo. Carbin ya tsaya a hannunsa. Ya juyo da fuska wajenmu, ya ɗaga hanci. Ya dafa bango ya miƙe, ya tako ɗaya, biyu, ba sanda, ba ɗan jagora. Kaskon na tafasa, Ɗan'azumi ya ba shi baya, yana ta shakka ko ya ƙara jim kaɗan.

"Sauke!"

Wallahi Ɗan'azumi bai waiwaya ba. Hannunsa ne ya amsa kafin kansa. Ya sa tsumma ya sauke kaskon, ya bi kwanonin yana zubawa har na ƙarshe, sannan ya juyo.

Wahabu ya ce, "Ɗan'azumi ne. Har yanzu kana da jinkirin nan naka."

Suka rungume juna suna kuka a tsakiyar layi, ni ma na share nawa da babbar rigarsa da ke hannuna. Na yi shekara talatin ina koyarwa bayan wannan, na ga masu ilimi da masu sarauta, amma ban ga wanda ya cika mini ido kamar wannan gajeren taubashi nawa ba, a tsaye da 'yar shara, hannu duk toka.

Kafin azahar ta daskare. Ɗan'azumi ya kife kwano ɗaya a tafin Wahabu, ta faɗo dunƙule guda, da sauran ɗuminta. Wahabu ya shafa ta, ya ƙwanƙwasa da farce ya saurara, ya gutsura ya bar ta a baki tana narkewa a hankali.

Ɗan'azumi ya kasa haƙuri. "Yaya, ta yi?"

Wahabu ya ce, "Ta yi mana. Ai ni na sauke ta."