Muryar da Ke Cikin Lasifikar Tsafe

Shekarun baya, lokacin ina sana'ar ba da hayar lasifika a Gusau, tawa ta ƙone ana saura kwana shida sunan ɗan wani maƙwabcinmu, wanda za a yi a gidansu na gado a Bungudu. Na riga na yi masa alkawari, don haka dole na nemi wata.

A kasuwa na ga sabon samfuri. Mai shagon ya kunna mini, sauti garau kamar mutum na tsaye a gabanka, ga batir da ke wuni bai mutu ba. Sai dai kuɗinta ya kusa ninka na irin wadda na saba da ita. Sau uku ina komawa shagon ina shafa ta, har mai shagon ya daina tashi idan ya hango ni. Ni kuwa a lokacin ina ji da kaina wajen wayo. Na ce ai sauti sauti ne, ƙauye kuma ba a tambayar samfuri.

Akwai abokina mai gyaran rediyo a Tsafe. Da na kira shi ya ce an kawo masa wata ta hannu daga Bilbis, tsohon yayi ce amma lafiyarta lau. Na hau mota na je. Baƙa ce, ƙatuwa, an naɗe bayanta da salatif. Muka haɗa ta da wayata ta Bluetooth, ta yi ƙara har masu shayi suka waigo. Ban tambayi ta wane ne ba, ban tambayi dalilin sayarwa ba. Na ɗauko ta ina yi wa kaina kirari a zuci.

Washegari da hantsi na ajiye ta a zaure tana karatu daga wayata, na shiga cikin gida da wayar a aljihu. Karatun ya yanke. Ina tsaye wajen randa sai mahaifiyata ta ɗago daga tsintar shinkafa ta ce, "Baƙo ka bari a zaure?"

Na ce babu kowa, Inna.

"To wa ya yi gyaran murya?"

Na koma da sauri. Kafin in kai ƙofa karatun ya ci gaba. Zaure babu kowa, sai lasifikar da fitilarta ja. Na ce mata wataƙila mai wucewa ne. Ta dube ni ta ce, "Mai wucewa ba ya gyaran murya a cikin ɗaki." Kwana biyu bayan haka ni ma na ji da kunnena: numfashin dattijo, da gyaran murya sau biyu, irin na wanda zai yi magana a gaban jama'a. Na yi wuf na kashe ta. Na gaya wa kaina tashar rediyo ce take jawowa, ban kuma faɗa wa kowa ba.

Ranar suna, bayan an raɗa suna an yi addu'a, na kafa lasifikar a ƙofar gida ƙarƙashin dalbejiya, na sa waƙar yabo daga wayata. Maza na kan tabarmi ana rabon waina, mata sun cika cikin gida. Kowa ya san kakan jaririn na kwance a ɗakinsa, wata biyu bai fito ba. Sai aka kira ni a waya. Saboda hayaniya na zagaya bayan gida in amsa.

Daga can na ji waƙar yabon ta tsaya. Aka yi gyaran murya sau biyu. Sai wata murya ta tsoho, a shaƙe, a hankali, ta cika unguwar:

"Assalamu alaikum jama'a. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ana sanar da 'yan'uwa Musulmi cewa Allah ya yi wa..."

Sai shiru.

Ban taɓa jin shiru irin wannan da rana tsaka ba. Na fito na tarar da mutane kamar an dasa su, wani da waina a hannu bai kai baki ba. Babu kowa kusa da lasifikar, abin maganar kuma yana cikin jakata. Kowa jiran sunan yake. Ni kaina, maimakon in ruga in kashe, tsayawa na yi ina jira. Can muryar ta dawo: "...rasuwa. Za a yi jana'iza in an sauko daga salla. Allah ya jiƙan musulmi."

Kuka ya ɓarke a cikin gida. Maƙwabcina ya zubar da faranti ya ruga ɗakin mahaifinsa. Sai a lokacin na je na fizge wayar batir.

Tsohon na nan da ransa. Bayan abin ya lafa ya aiko a kira mai lasifika. Na shiga na durƙusa ina ba da haƙuri. Ɗakin da duhu-duhu, ƙamshin man zafi ko'ina. Ya dube ni ya ce, "Sunan wa yaf faɗi?"

Na ce, "Bai faɗi suna ba, Baba."

Ya gyaɗa kai. "To, wuri yab bari ke nan. Tashi ka ci abinci, ɗana."

Ban iya cin komai ba. A motar dawowa babu wanda ya yarda ya zauna kusa da kayana, kuma kafin mako ya zagayo mutum biyu sun fasa hayar da suka yi da ni. Mahaifiyata ta ce lasifikar ba za ta sake kwana mata a gida ba.

Na mayar wa abokina ita a Tsafe. Ya ɓare salatif ɗin, sai ga ɗan katin memori ya nutse a raminsa. Ya ce haka tsohon samfurin yake: da zarar waya ta yi nisa, sai ya koma kan abin da ke cikin kati. Abu ɗaya ne tak a katin, sanarwar nan. Hankalina ya ɗan kwanta, amma gurbin sunan ya ƙi barina. Na roƙe shi ya raka ni Bilbis, gidan da ta fito.

Wani magidanci ya tarbe mu, shi ne ya sayar da ita. Ya ce ta mahaifinsa ce, wanda ya shekara da shekaru yana shelar rasuwa a unguwarsu. Da ciwon maƙogwaro ya kama shi, magana mai tsawo ta gagare shi, sai ya sa aka ɗauki muryarsa ranar da ya ɗan ji dama. In an yi rashi sai ya kunna, in an zo gurbin ya faɗi sunan da bakinsa, iyakar abin da yake iyawa ke nan.

"Ranar da ya cika ma ita muka kunna," in ji shi. "Ni na faɗi sunan. Daga nan ban ƙara iya kallonta ba."

Mahaifiyarsa na bayan labulen zaure tana ji. Na miƙa katin, ta ziro hannu ta karɓa. Na tambaya ko a kunna mata. Ta ce, "A'a, ɗan nan. Na san abin da zai ce." Na ga ta ƙulle shi a bakin mayafinta.

Lasifikar na bar wa abokina, na ce ya yi yadda ya ga dama da ita. Na sayar da tunkiyata na koma shagon nan na Gusau. Abu ɗaya na gwada kafin in ɗauki sabuwar: na kunna, na fita da wayata har bakin titi, na tsaya ina saurare. Shiru ta yi. Mai shagon yana ta ba ni labarin ƙarfin batir, bai san shirun nan na zo saye ba.

Tun daga nan ban ƙara sayen kayan hannu ba sai na ji na wane ne, da abin da ya raba shi da su. Kakan jaririn nan ya ƙara shekara biyu a duniya, har yana aiko mini da gaisuwa. Na bar sana'ar tuni, na kuma san babu aljani a cikin lamarin. Amma har yau, in ina tafiya na ji an yi gyaran murya a lasifikar masallaci ba lokacin salla ba, sai in ga na tsaya cak a inda nake. Ba na iya ɗaga ƙafa sai an faɗi sunan.