Makon da Ladan Maigandi Ya Roƙa

A unguwar masunta ta Argungu, zamanin da kowace takardar gwamnati sai an kai ta Sakkwato, ba wanda ya damu da agogo, don suna da Malam Maigandi. Shekara talatin da ɗoriya yana kiran sallar asuba a masallacin bakin gulbi, ba lasifika, muryarsa kawai, har manoman shinkafa na ƙetaren ruwa da ita suke tashi. Tun da ciwon ƙugu ya raba shi da kamun kifi, kiran nan ne ya rage masa, kuma yana ji da shi kamar ɗan fari.

Wata damina ƙafafunsa suka kumbura. 'Yarsa Kulsumi, mai aikin jinya a Birnin Kebbi, ta kai shi wurin likita. Aka ce hawan jini ne, aka ba shi 'yar farar ƙwaya mai fitar da ruwan da ya taru a jiki, ɗaya kowace safiya. Maigandi ya ce to da baki, a ransa kuwa ya ce likitan yaro ne. A gidansu tun kakanni bayan tuwon dare ake shan magani, don ya kwana a jiki ya yi aiki. Haka ya yi da ƙwayar.

Kumburi ya saɓe, barci kuma ya yi ƙaura. Sau biyar, sau shida zai fita da buta kafin gari ya waye. Matarsa Laure, wadda ba ta yarda da maganin da ba shi da ɗaci, ta ce sanyi ne ya kama shi. Ta jiƙa saiwoyi da sassaƙe, kullum bayan sallar lisha ta cika masa ƙoƙo fal, ta tsaya a kansa sai ya shanye. Shi yana yabon ƙwayarsa, ita tana yabon jiƙonta, buta kuwa ba ta huta ba.

Wata Talata barci ya sace shi dab da asuba, unguwa ta makara. Da abin ya kai sau uku, Liman Usmanu ya zo har zaure, yana magana yana kallon tabarma.

"Malam, jiki ya gaji. Ko Hodi maƙwabcinka shi riƙa kiran assalatu, kai ka riƙe na azahar?"

Maganar ta soki Maigandi ƙwarai. Ya roƙi mako guda, ya shiga gida ya ƙi cin abinci. Laure ta tsorata, ta ba direban motar kasuwa saƙo zuwa Gwadangaji ta gefen Birnin Kebbi, inda Kulsumi take zaune, washegari sai ga ta.

"Baba, yaushe kaka shan ƙwayar ga?"

"Bayan lisha mana. Yaushe aka shan magani?"

"Ba da sahe anka ce maka ba? Inna, ke hwa, jiƙon naki?"

"Bayan nashi," in ji Laure da alfahari. "Ƙoƙo guda, ban taɓa rage mai ba."

Kulsumi ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. "Baba, aikin ƙwayar ga kore ruwa. Kai ka sha ta da dare, Inna ta bi ka da gulbi guda! Ka sha ta in ka dawo masallaci da sahe. Jiƙon Inna kuwa a aje shi tukun, sai na gwada ma likita."

"Da jiƙon ga niy yaye ki, marar kunya," in ji Laure, amma ita ma dariyar ta ci ta.

Kwana biyu da canjin, sau ɗaya ya fita. A na uku ya yi barcin da har munsharinsa ya dami awaki.

Ranar da mako ya cika, Hodi ya zo da alwalarsa cikin shiri, ya tarar da Maigandi tsaye a kan dakalin masallaci da farar riga, yatsu a kunne. Hodi ya koma ya zauna. Muryar ta tashi garau, ta haye gulbi, fitilu suka fara kamawa a ƙetare. Laure tana tsakar gida tana ji, hawayen daɗi na bin kumatunta.

Bayan sallama Liman ya riƙe hannunsa ya ƙi saki. "Malam, a yahe muna. Wurin ga naka na."

Maigandi ya gyaɗa kai yana murmushi, ya ɗora ɗaya hannun a kan na Liman.