Jarfar Antin Kwali da Doka ta Tara

Shekarata ta shida ke nan a otal ɗin lokacin da aka kawo mana sabuwar manaja. Ni ce shugabar masu karɓar baƙi, kuma masu hidimar ɗakin cin abinci ma a ƙarƙashina suke, domin otal ɗin ba wani babba ba ne. Kullum daga Kubwa nake shigo bas ɗin sassafe, in isa kafin bakwai, in sauya kaya a ɗakin ma'aikata: dogon siket ruwan toka, riga mai dogon hannu, da ɗankwali kalar kayan. Na san aikina. Baƙo in ya shigo, tun daga yadda ya riƙo jakarsa nake gane ko mai son hira ne ko mai son a miƙa masa makulli a ƙyale shi.

Sabuwar manajar, wadda kowa ke ce wa Madam, ta daɗe tana aiki a manyan otal-otal na ƙasashen waje. Ba ta da tsawa, ba ta wulaƙanta kowa, amma in ta rubuta abu tana son ta ga an bi shi. A makonta na biyu ta tara mu, ta raba mana wani ɗan littafi na dokokin sutura. Yawancinsu mun saba da su: baƙin takalmi a goge, farce a yanke, turare kada ya yi ƙarfi. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana karanta mana, har ta zo kan doka ta tara. Dokar ta ce ba a yarda a ga tatu ko wani zane a jikin ma'aikacin da ke hulɗa da baƙi ba, kuma huji ɗaya tak aka yarda da shi a kowane kunne, ban da na hanci.

Ni kaɗan abin ya taɓa ni. Ina da hujin hanci tun ina ƙarama, gwaggona ce ta yi mini da allura da zare a Zariya. Nan take na kwance barimar na jefa a jaka, na ce in an tashi na mayar da abata a cikin bas. Ban ɗauki abin da zafi ba.

Wadda dokar ta faɗa wa da gaske ita ce Antin Kwali. Haka duk muke kiranta, saboda 'yar Gbagyi ce daga wani ƙauye kusa da Kwali, kuma ta girme mu. Tun kafin in zo take kai wa baƙi abinci. Tana da jarfa a bayan hannuwanta biyu, ƙananan layuka da ɗigo-ɗigo, baƙi mai ɗan kore, da wata a wuya. Kakarta ce ta kai ta aka yi mata tana budurwa. A duk otal ɗin babu mai riƙe abu a ka kamarta. Baƙo zai shekara bai zo ba, ranar da ya dawo ta ajiye masa shayinsa ba sukari, da lemon tsami a gefe, tun bai buɗe baki ba.

Washegari Madam ta kira ni ofis.

"Matar nan mai zane a hannu, a ƙarƙashinki take, ko?"

"E, Madam. Amma jarfa ce, ta gargajiya."

"Na sani. Doka dai doka ce. Na wuya kwalar riga za ta rufe. Na hannu ta sa filasta, in ba za ta iya ba a mayar da ita ɗakin wanki. Babu abin da zai ragu daga matsayinta."

Na je na gaya wa Anti yadda aka gaya mini. Ba ta yi musu ba. Ta juya hannuwanta tana kallo, ta ce to.

Kwana uku ta yi da filasta, manya-manya guda biyu, ruwan ƙasa. A rana ta farko wani dattijo ɗan kasuwa daga Katsina, wanda ya saba sauka wurinmu, ya gan ta da tire ya ce, "Subhanallahi, baiwar Allah, ƙuna kika yi? Sannu!" Ta yi murmushi ta ce ba komai. A rana ta biyu wata baƙuwa ta yafito ni, ta yi ƙasa da murya ta ce don Allah a sauya mata mai kawo abinci, ba ta son mai ciwo a hannu ta taɓa mata faranti. Na sauya, don ba wurin gardama ba ne. A rana ta uku na shiga bayan kicin na tarar da Anti zaune a kan kujerar roba tana ɓare filastar. Fatar wurin ta yi ja, ta feso ƙuraje saboda zufa da ruwan zafi.

Hausar Anti irin ta Abuja ce, ba ruwanta da ka ko ki. Ta ɗago kai ta ce, "Hajiya, ka kai ni wajen wanki kawai. Shekara nawa ina ba mutane abinci da hannun nan, ba wanda ya ce yana da datti. Yau na rufe shi, an ce ina da ciwo."

"Anti, ki cire. Ki shafa man kaɗanya ki zauna nan yau, zan sa wata ta riƙe teburanki."

"Madam fa?"

"Bar ni da Madam."

Da la'asar aka kawo mini takardar mayar da ita ɗakin wanki, saura in sa hannu. Na ninke ta na sa a aljihu. Sai na ɗauki biro da farar takarda na zagaya otal ɗin tun daga ƙofar shiga. Shugaban masu gadi, wanda shi ne mutum na farko da kowane baƙo ke gani, yana da tsaga uku-uku a kumatu. Ɗaya daga cikin masu karɓar baƙi na da shasshawa a gefen ido. Wata Bafulatana mai gyaran ɗakuna na da jarfa a gefen baki. Mai kula da wurin taro na da bille. Ban tambayi kowa komai ba, gaisawa kawai muka yi, na rubuta na wuce. Shekara shida ina ganin fuskokin nan, sai ranar na lura da su ɗaya bayan ɗaya.

Da safe na ƙwanƙwasa ofishin Madam kafin ta fara shan kofi. Na ajiye mata takardun biyu, wadda ban sa wa hannu ba da wadda na rubuta.

"Mene ne wannan?"

"Madam, mutanen da doka ta tara ta hau kansu ne. In za a mayar da Anti ɗakin wanki, to da su za a tafi. Sai dai ban san inda za a liƙa wa shugaban masu gadi filasta ba."

Ta karanta, ta cire tabarau ta dube ni. Na ɗauka faɗa za ta yi, kuma na shirya masa.

"Waɗannan ai zanen ƙabila ne."

"Na Anti ma shi ne. Bambancin kawai nata a hannu yake. Sannan ga wata tambayar, Madam. Wata mai zuwa bikin ƙanwata ne, za a yi mini ƙunshi har gwiwar hannu, kuma lalle yakan yi mako biyu bai fita ba. Duk Sallah rabin matan da ke teburina haka suke dawowa. Baƙinmu mata ma haka suke zuwa, har su tambaye mu wa ta yi mana. Shi ma zane ne a jiki. In rufe?"

Ta ajiye takardar. Daga nan ta gaya mini abin da ban sani ba. A wani otal da ta taɓa riƙewa a wani gari, an ɗauki wani ma'aikaci mai zane a damtse, ashe alamar ƙungiyar asiri ce. 'Yan wata ƙungiyar suka gane alamar, suka biyo shi har wurin aiki, aka yi tashin hankali a gaban baƙi. Tun daga lokacin, in ta ga zane a jikin ma'aikaci gabanta faɗuwa yake yi. Littafin kuwa na tsohon wurin aikinta ne na ƙasar waje, ta ɗauko shi yadda yake.

Na ce, "Tsoronki gaskiya ne, Madam. To a rubuta abin da ake tsoron, a bar mutanen da ba su yi komai ba."

Ta turo mini takarduna. "Ke ki rubuta. Ki kawo mini ranar Litinin. Matar ta koma teburinta kafin nan."

Na fito ina jin kaina. A ƙarshen makon na zauna a gida na rubuta sabuwar doka cikin sauƙi: lalle da jarfa da tsagar gado duk an yarda da su, ƙaramar barimar hanci ma haka, sai dai masu aikin kicin su cire duk wani ƙarfe don kada ya faɗa cikin abinci. Tatun zamani kuwa, irin na inji, na rubuta cewa a rufe shi. Ban ko tsaya tunani a kan wannan ba. A yadda na taso, tatu na 'yan iska ne, kuma addinina bai yarda da shi ba.

Ranar Litinin da safe, kafin in hau wurin Madam, direban otal ya tare ni a wurin ajiye motoci. Magidanci ne daga wajen Jos, Kirista, mai natsuwa, shi ke ɗauko baƙi daga filin jirgi. Labarin abin da na yi ya riga ya zagaya.

"Hajiya, an ce ke za ki gyara dokar. Ni fa?"

Ya naɗe hannun rigarsa, ya ture agogonsa sama. A cikin tsintsiyar hannunsa akwai suna da ƙananan haruffa, da ɗan gicciye a ƙasa. Ban taɓa gani ba, domin agogo mai faɗi yake ɗaurawa a kai.

"Ɗiyata ce ta fari. Shekararta huɗu zazzaɓi ya ɗauke ta. Tun da aka karanta dokar nan nake sa dogon hannu, ko a cikin zafin rana. In na ɗaga akwatin baƙo rigar ta ja baya, agogon ya zame, sai in ji kamar na yi sata."

Na yi masa ta'aziyya, duk da shekaru sun wuce. Takardar tana hannuna, kuma na san abin da na rubuta a ciki. Na kare Anti ne saboda jarfarta ta yi kama da abin da na saba gani a fuskar gwaggonnina. Nasa bai yi kama da namu ba, shi ya sa na jefa shi cikin abin da za a ɓoye. Ni ba zan yi tatu ba, kuma ba zan bar 'ya'yana su yi ba, wannan tsakanina da Ubangijina ne. Amma ba fatawa aka ce in rubuta ba. Dokar wurin aiki ce, wurin da Musulmi da Kirista da mutanen ƙabilu iri-iri ke cin abinci tare.

Na ce masa, "Baban yara, ba ni minti goma."

Na jingina takardar a kan bonet ɗin motarsa, na soke layin ƙarshe, na rubuta wani a ƙasa: duk zanen da ba zagi ba ne, ba batsa ba, ba alamar ƙungiyar asiri ba, a bar wa mai shi abinsa. In an yi shakka, manaja da shugaban sashe su duba tare, su tambayi mutumin kafin su yanke hukunci.

Madam ta karanta sau biyu. Ta tsaya a kan layin da na soke, ta tambaye ni dalili, na gaya mata ba tare da na ambaci direban ba, don ban nemi izininsa ba. Ta ƙara sharaɗi ɗaya, cewa zanen zamani a fuska ba za ta yarda da shi a teburin karɓar baƙi ba. Na so in ja, sai na ga babu wanda sharaɗin ya shafa a cikinmu, kuma ita ma tana da haƙƙin ta bar hannunta a dokar. Na ce na yarda. Ta sa hannu, ta ce a buga a liƙa a ɗakin ma'aikata.

Da na sauko, direban yana goge gilashin mota, jirgin ƙarfe goma zai je tarya. Na karanta masa layin da bakina. Ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya saka da alheri. Sannan ya kwance agogon ya mayar da shi ɗaya hannun, ya shiga mota ya tafi filin jirgi. Ni kuma na koma teburina, don wata tawagar 'yan taro ta iso kuma ɗakuna uku ba a gama gyara su ba.