Randa a Bayan Ƙofar Makewayi

Wani malamin makaranta daga Tsafe ya zo da mahaifiyarsa duba ɗakunan da nake bayarwa haya a Gusau. Shi kam ya yaba. Ita kuwa tana leƙa makewayi ta toshe hanci da mayafi.

"Malam, rumbu ne ya ruɓe a nan?"

Na ce, "Inna, ƙamshin damina ne."

"To zauna da daminarka. In mun dawo Juma'a muka tarar da ita, sai wani gida."

Ɗakunan sun daɗe ba kowa, ba zan bari su kuɓuce mini ba. Ni da ilimina bai wuce garma ba, sai na banka turaren wuta. Warin hunhuna ya haɗu da turare, kamar an fesa wa tsohuwar tabarma turare.

Daga ƙarshe na durƙusa ina bin warin da hanci. A bayan ƙofa na ga randar da ɗan hayan baya, mutumin Bungudu, yake tara ruwa in famfo ya ɗauke. Ya ɗora ta kan buhun algarara maimakon yashi. Randa tana tsatsafa, buhu yana sha, har ya yi kore.

Na fitar da su, na goge wurin da toka, na bar ƙofa buɗe.

Ran Juma'a Inna ta shinshina kowace kusurwa, ta fito.

"Mun karɓa. Amma je ka yi wanka, Malam, kai ka kwashe warin."